ZOƁO A GEFEN WURIN KIWO: FUREN KAKA MAI RIƘE MANA ƘUDAN ZUMA

 

Darasinmu na yau a kan 'yar tazarar nan ne da ke tsakanin ɗakin kaji ko kwamin kifi da katanga ko iyakar gona. Yawancinmu feshe ta muke yi da maganin ciyawa mu bar ta fayau, wai tsafta. Shawarata ita ce a ja layin yakuwa a wurin, wato zoɓo. Shuka ce tamu ta gado, tana fure a ƙarshen damina zuwa kaka lokacin da sauran furanni suke ƙarewa, tana ciyar da ƙudan zuma, tana ƙawata wuri da ja, sannan ga kuɗi a ƙarshe. Zan kawo dalilin, da yadda nake yi a nan wajenmu Ɗanbatta, da abubuwan da za a kiyaye don kada wajen gyara a cutar da kaji ko kifi.

ME YA HAƊA MAI KIWO DA ƘUDAN ZUMA?

Kusan duk mai kwamin tarwaɗa yana da ɗan lambu a gefe, saboda ruwan da ake canzawa ba ya da kyau a zubar da shi a banza. Wani ya sa kankana, wani gurji, wani kabewa. Ga kuma 'yan uwanmu masu noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Tomas. To duk waɗannan kayan yaɗon ba sa 'ya'ya sai an yi musu barbara.

Mai kaji zai fi kowa saurin gane wannan. Kaza tana iya yin ƙwai ba zakara, amma ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba. Haka kankana take. A jikin yaɗo ɗaya akwai fure namiji, akwai fure mace. Macen ita ce za ka ga ɗan ƙullutu a gindinta kamar 'yar mitsitsiyar kankana. Dole sai an ɗauko garin nan mai ruwan ɗorawa daga namijin an kai cikin macen. Garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro. Kuma furen macen safiya ɗaya yake buɗewa. Idan ƙudan zuma bai zo a wannan safiyar ba, ɗan ƙullutun ya yi yaushi ya faɗi. Idan ya zo amma ziyarar ba ta yi yawa ba, sai ka samu kankana karkatacciya ko ƙarama wadda dillali zai ware gefe. Manomi kuma sai ya ɗora laifin a kan iri ko taki.

Gero da dawa da masara da shinkafa ba su dogara da ƙwari ba, shi ya sa da yawanmu ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba. Amma Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana cewa kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gona da duniya ke ci suna amfana da barbarar ƙwari da makamantansu. Mai haɗa irin albasa ma yana ciki, haka mai riɗi yana ƙaruwa da su.

INA MATSALAR TAKE?

A inda ake da daji da saura, ƙarshen damina lokacin yalwar fure ne. Mu kuwa a ƙasar Ɗanbatta da Makoɗa har zuwa Kazaure gona manne take da gona, ba a barin saura. Da an shiga Oktoba ruwa ya ɗauke, an girbe gero, ciyawa ta bushe ko an yanke ta an ɗaure wa dabbobi, gefen gona kuma tun tuni maganin ciyawa ya cinye shi. Babban furen da ya rage a fili shi ne na wake, shi kuma a daidai lokacin ne ake masa ruwan maganin ƙwari.

Ƙudan zuman ƙasarmu ba ya zama inda babu abinci. Idan wuri ya yi masa ƙunci, tattarawa yake yi gaba ɗaya ya bar amya ko kogon bishiya ya ƙara gaba. Wanda ya zauna ma uwar tana rage ƙwai. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciyar da ta fito kimanin kwana 20 ne, kuma tana ƙara wasu makonni a cikin gida kafin ta fara fita kiwo. Ka ga ke nan ƙudan da zai yi maka aiki a lambun rani, abincin kaka ne ya raine shi.

Akwai alamar da mai kaji yake gani da idonsa. Idan ka ga ƙudan zuma ya yi cincirindo a kan dusa ko garin masara ko mazubin abincin kaji, ba ƙeta ba ce. Garin fure ya rasa, shi ne yake kwasar abin da ya yi kama da shi.

ME YA SA ZOƁO?

Na farko, ɗan gida ne. Yawancin masana sun tafi a kan cewa asalinsa Afirka ne, daga nan ya bazu har Jamaika da Meziko. A Sudan da Masar karkade suke ce masa, a Senegal bisab. Dangin kuɓewa ne da rama da auduga, in ka dubi furen za ka ga kamar. Ya saba da ƙasar jigawa irin tamu, saiwarsa tana nutsewa ƙasa, yana jure ɗaukewar ruwa, har gyauro yake yi inda aka taɓa shuka shi. Iyayenmu dama a iyakar gona suke sa yakuwa da rama, kowa ya san inda gonarsa ta tsaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu, lokacin furensa. Zoɓo ba ƙidayar kwanaki kawai yake yi ba, tsawon yini yake dubawa. Masu kajin ƙwai kun san muna ƙara musu haske ya kai kamar awa 16 don ƙwai ya tsaya, domin tsawon haske ne ke motsa su. Shi zoɓo akasin haka ne: sai yini ya fara gajarta, dare ya fara tsawo, sannan ya ɗauki fure. A nan ƙasar Kano yini mafi tsawo a watan Yuni bai cika awa 13 ba, mafi gajarta a Disamba kuma kamar awa 11 da rabi. Wannan ɗan bambancin ya ishe shi. Shi ya sa duk damina sai ganye da reshe yake yi, sai wajen Satumba zuwa Oktoba ka ga ya ɓarke da fure.

Na uku, yadda furen yake zuwa. Kowane fure yini ɗaya yake yi. Ya buɗe da safe, fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa da jan ido a tsakiya, zuwa bayan azahar ya rufe. Gobe wasu sabbi su buɗe a saman reshen. A haka zai yi ta yi har makonni, kullum da safe akwai sabon abinci. Ƙudan zuma na zuwa, ƙananan ƙwarin daji masu barbara na zuwa, malam-buɗe-littafi ma yana leƙowa. Bayan furen ya faɗi kuma sai jan soɓorodo ya cika rassan, daidai lokacin da ko'ina ya koma ruwan ƙasa.

Gaskiya guda da ya kamata a sani: zoɓo yana iya yi wa kansa barbara, ko babu ƙwaro zai yi 'ya'ya. Saboda haka ba don zoɓon muke kiran ƙudan ba. Zoɓon ne yake riƙe mana su har lambu ya taso.

YADDA AKE SHUKA SHI

1. Lokaci. Idan damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Tunda lokacin furensa kusan a ƙayyade yake, wanda ya shuka da wuri shi ke samun doguwar shuka mai rassa da yawa. Wanda ya bari sai ƙarshen Agusta zai ga fure, amma a jikin 'yar guntuwar shuka, furen kaɗan.

2. Wuri. Inda rana take bugawa sosai, kuma ruwa ba ya kwanciya. Zoɓo ba ya son jiƙaƙƙen gindi, saiwar ruɓewa take yi. Idan wurin yana tara ruwa, ja kunya ka shuka a kai. Kar ka sa shi inda kuɓewa ko tumatir suka yi ciwon ƙullutun saiwa, domin tsutsar da ke kawo shi tana kama zoɓo.

3. Iri. Gurguzu ake kira, kuma ba wuyar samu. Ka tambayi maƙwabci mai zoɓo mai kyau, ko ka duba kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi. Akwai ja mai duhu, akwai ja mai haske, akwai fari. Mai duhun ya fi shiga kasuwa, farin kuma an fi yin miya da shi. Ka nemi na bara, cikakke, marar huji. Ni ina jiƙa shi dare ɗaya kafin shuka, yana sa ya fito tare.

4. Tazara. Ƙwaya 3 zuwa 4 a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Tsakanin rami da rami kamar santimita 60 zuwa 70, wato taki ɗaya madaidaici. In layi biyu za ka yi, bar mita ɗaya a tsakani. Cikin mako guda zai fito. Bayan mako 2 zuwa 3 sai ka rage, ka bar biyu masu ƙarfi. Waɗanda ka cire ba asara ba ne, a kai cikin gida a sa a fate.

5. Noma. Wata na farko yana tafiya a hankali, ciyawa na iya danne shi, don haka a yi masa noma da maimai da fartanya. In ya rufe ƙasa shi da kansa zai kashe ciyawar.

6. Tsinke kai. Idan ya kai gwiwa, tsinke tohon saman. Zai fasa rassa, kuma yawan rassa shi ne yawan fure. Ana iya tsinkar ganye don miya a damina, amma da ka ga ƙullin fure ya fara fitowa sai a sassauta.

7. Shinge. Awaki suna son yakuwa. In wurinka ba katanga, yi masa shinge tun kafin a saki dabbobi bayan girbi.

KASHIN KAJI DA RUWAN KIFI

Nan ne mai kiwo ya fi kowa dama, domin takin da ruwan duk a hannunsa suke.

Kashin kaji ɗanye yana ƙona shuka. Ka tara shi da buntun shinkafa ko garin katakon da ka kwashe daga ɗaki, ka ɗan jiƙa, ka riƙa juyawa, ya yi kamar wata biyu har zafin da warin su lafa. Cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane gindi ya isa, a gauraya da ƙasa. Kar ka ce tunda kyauta ne bari ka lafta. Taki in ya yi yawa, ganye za ka samu kore shar, fure ya ragu.

Ruwan kwamin tarwaɗa shi ma taki ne, saboda kashin kifi da ragowar abinci. A damina zoɓo ba ya buƙatarsa. Amfaninsa yana zuwa ne bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da shukar ke tsakiyar fure. Ka ja 'yar hanya ta bi gefen layin, ka sakar masa sau ɗaya ko biyu a mako, ya shanye kafin ka ƙara. Wannan yana hana shi saurin bushewa, ya ci gaba da buɗe furen da ya ƙulla. Amma ranar da ka sa wa kifi gishiri ko wani magani, wannan ruwan kar ya je gindin shuka.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A KIYAYE

Na ɗaya, fitilar dare. Wannan ya shafi mu masu kaji musamman. Tunda zoɓo dogon dare yake jira, in ka shuka shi inda ƙwan lantarkin ɗakin kaji ko fitilar sola ta tsaro ke haska shi har asuba, zai iya jinkirta fure ko ya yi kaɗan. Ka fita da daddare ka duba inda hasken yake tsayawa, ka ja layinka bayan nan.

Na biyu, tazara da ɗakin kaji. Zoɓo yana kai tsawon mutum. In ya matse ɗaki zai tare iska, sannan ya zama maɓoyar ɓera da maciji. Ni ina barin aƙalla mita 3 a share tas a kewayen ɗaki, layin zoɓo kuma ya bi jikin katanga. A gefen kwami ma a ja baya yadda ganye ba zai riƙa zuba cikin ruwa ba.

Na uku, feshi. Layin nan ba a yi masa maganin ƙwari, in ba haka ba ka kira baƙi ne ka ba su guba. Za ka ga ƙananan ƙwari suna huda ganyen, yawanci ba sa hana shi komai. Kuma mai kifi ya sani, magungunan feshin wake irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin suna kashe kifi ko da kaɗan ne ya shiga ruwa. In dole ne ka fesa wa wake ko kankana, bari sai yamma liƙis bayan ƙudan ya koma gida, ranar da babu iska, kuma kar a wanke tankin feshi kusa da kwami. Yana da kyau ka yi wa maƙwabcin gonarka wannan maganar cikin mutunci, domin ƙudan zuma yana tafiyar kilomita 2 zuwa 3 neman abinci, bai san iyakar gonar kowa ba.

Na huɗu, harbi. Wasu za su ce kar mu jawo wa kaji masifa. Ƙudan da ke kan fure abincinsa ya dame shi, ba ya kai hari sai an matse shi. Haɗarin yana wurin gidansa ne. Ƙudan ƙasarmu yana da zafi wajen kare amya, kuma in ya fusata yana iya hallaka kajin da ke kulle ko dabbar da ke ɗaure. Don haka shuka fure daban, kafa amya daban. Mai son amya ya kai ta nesa da kaji da turke da hanyar mutane, ya kuma nemi wanda ya san aikin. Sannan ka ajiye tsohuwar tasa da ruwa da tsakuwa a ciki a gindin layin zoɓon, don kada su saba da mazubin ruwan kajinka.

GIRBI DA ABIN DA ZA KA SAMU

Kamar mako 2 zuwa 3 bayan fure ya faɗi, soɓorodon ya cika ya yi kauri. Ana tsinka da hannu ko 'yar wuƙa, a ɓare jan ɓawon daga ƙwallon irin da ke ciki. A shanya a kan tabarma ko tamfol mai tsafta, nesa da ƙurar ɗakin kaji, har ya bushe ƙayau. Kar ka yi mamakin yadda zai ragu, kusan kilo 10 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe. A zuba a buhu mai tsafta, a ɗora a kan katako inda babu laima.

Kasuwa akwai. Ga masu haɗa zoɓon sha a unguwa, wanda ya fi tashi lokacin zafi da azumi. Ga manyan 'yan kasuwa a Dawanau da Maigatari da ke tarawa don fitarwa waje, musamman Meziko. Su kuma tsafta suke dubawa, domin an taɓa samun lokacin da Meziko ta dakatar da sayen na Najeriya saboda ƙwarin ajiya. Layi ɗaya a jikin katanga ba zai cika maka mota ba, amma zai sayi wani abu, kuma uwargida ta huta da sayen yakuwa da soɓorodo.

Ka bar wasu gindi masu kyau su bushe a tsaye don iri. Ragowar gurguzun da shi ake daddawar batso. Yana ɗauke da furotin da mai, har an gwada shi a abincin kaji da na tarwaɗa, sai dai ba a ba su ɗanye ba, sai an dafa ko an soya, kuma kaɗan ake sawa a haɗi. Mai son gwadawa ya fara tuntuɓar masana, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako nan a Ɗanbatta, ga kuma malaman gona na KNARDA.

BAYAN ZOƁO FA?

Zoɓo ba zai kai ka ƙarshen rani ba, gada ce kawai. In ka ga karkashi ko ɗoɗɗoya sun fito a gindin layin, ka bar su su yi fure, ƙwari na son su. In kana da magarya ko sabara a iyaka, kar ka sare. Gawo kuwa babban abu ne, domin shi da ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye da fure, ƙudan zuma kuma yana rububinsa. Zogale 'yan ƙwarori a hanyar ruwan kwami su ma za su taimaka. Daga nan sai mangwaro da ɗorawa da darbejiya su karɓa. Abin da ake so shi ne kada a samu watan da wurinka babu fure ko ɗaya.

Wanda bai fara gini ba, tun wajen auna fili ya ware wa wannan layin mita ɗaya a jikin katanga. Wanda ya riga ya gina, ya zaga ya ga inda rana take samu kuma fitila ba ta kaiwa. Rami 30 zuwa 40 ya isa farawa, irin da bai cika gwangwanin madara ba. In Oktoba ta zo, ka fito da misalin ƙarfe takwas na safe ka tsaya a gefen layin ka ƙirga baƙin da ke shiga furen.

Masu lambun kankana da gurji, ku faɗa mana yadda kuke ganin ƙudan zuma a wajenku bana, ya ƙaru ko ya ragu. Allah ya sa albarka a kiwonmu da nomanmu, ya ba mu damina mai albarka.